RUGUGIN WUFA A MOTOCIN MATASA: WA AKE BURGEWA, WA AKE CUTARWA?



Wata al'ada ta kunno kai a tsakanin samarinmu na Karofi da Dutsin-Ma da Kurfi, wadda in aka ci gaba da yin shiru a kanta za ta zama jiki, in kuwa ta zama jiki to raba mu da ita sai an sha wahala. Al'adar kuwa ita ce, da zarar Allah Ya hore wa matashi 'yar motarsa, Golf ce ko Corolla ko tsohuwar Honda 'yar Kwatano, kafin ya duba taya, kafin ya duba birki, kafin ma ya juye baƙin mai, sai ya zarce wurin mai wayarin ya ce rediyon da kamfani ya sa wa motar ba shi da bes, a ƙara masa. Nan da nan sai a kinkimo wani baƙin akwati da ake kira wufa a cusa a but, a jawo waya daga batir, a ɗaura amfilifaya. Daga wannan rana unguwa ta shiga uku. Tun motar tana nesa za ka ji ƙasa tana amsawa, kwanon ɗaki yana kakkarwa, lambar motar kanta tana kaɗawa kamar mai jin sanyi, shi kuwa gogan naka yana ciki ya kishingiɗa, a ganinsa ya gama hayewa.

Tun farko bari in fayyace wani abu domin kada a karkatar da zance. Hukuncin kiɗa da waƙa fage ne na malamai, sun yi magana a kai, mai son sani ya san inda zai je ya tambaya. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne akwatin nan kansa, ko da me aka ɗura masa. Ra'ayina kuma ba ɓoyayye ba ne: duk wanda ya sa wufar da ke girgiza layi, to don kunnen mutanen waje ya saye ta, mutanen da ba su roƙe shi ba, kuma bai nemi izininsu ba. Wannan kuwa cutarwa ce, ko da mai yin ta yana kiranta nishaɗi.

Domin mai karatu ya gane dalilina, ya kamata mu san mene ne ake ƙarawa. Rediyon da mota ke zuwa da shi daga kamfani yakan tura ƙarfin da bai wuce wat 15 zuwa 20 ba ga kowace lasifika, lasifikun kuma galibi huɗu ne ƙanana da aka binne a cikin ƙofofi. Waɗanda suka ƙera motar sun auna wannan daidai da ƙarfin batir da na altaneta, wato injin da ke cajin batir, kuma daidai da abin da zai ishi mutum biyar da ke zaune a ciki. Ita kuwa wufa babbar lasifika ce mai faɗin inci 10 ko 12, wadda ba ta da wani aiki sai fitar da kakkauran sauti, irin na tsawa ko na tambari. Irin wannan sauti ba ya fita sai an tunkuɗa iska mai yawa, tunkuɗa iska mai yawa kuma sai da wuta mai yawa. Shi ya sa ba ta tafiya sai da amfilifaya.

To, a nan gizo ke saƙar. Sauti girgiza ce da ke tafiya a cikin iska, tana cin kimanin mita 343 a sakan ɗaya. Siririn sauti, kamar fito ko kukan tsuntsu, da ke girgiza sau 4,000 a sakan, tsawon igiyarsa bai kai taƙi ɗaya ba, saboda haka gilashin mota ko katanga sun isa su rage masa ƙarfi ƙwarai. Amma kakkauran sautin da ke girgiza sau 40 a sakan, tsawon igiyarsa ya kai mita 8 da rabi, wato ya kusa ninka tsawon motar kanta sau biyu. Irin wannan ba ruwansa da rufe gilashi. Yana ratsa ƙarfen mota, ya zagaye katanga, ya shiga ta zaure, ya kaɗa kwano da ƙyauren taga, ya tarar da mutum har kan gadonsa. Abin takaici, maƙwabcin da ke cikin ɗakinsa ba ya ma jin abin da ake faɗa a cikin waƙar, don muryar ta tsaya a mota. Dum, dum, dum ɗin kawai ke isa gare shi. Kai ka ɗauki daɗin, shi ka aika masa da dukan.

Na san wani ɗan'uwa zai yi wuf ya ce, ai shi wa'azi yake sawa, ko karatu, ko waƙoƙin bege, don haka wannan magana ba da shi ake ba. Ya ɗan'uwa, da kai ake. Abin da ke sa a rarrabe kalmomin mai magana, a ji sin daban da shin, yana cikin sautukan da ke girgiza daga sau 500 zuwa 4,000 a sakan. Wufa kuwa ana saita ta ne ta yi aiki daga kimanin sau 80 zuwa ƙasa. Ma'ana, ko harafi ɗaya ba ta ƙara wa maganar malam. Hasali ma gurnaninta danne kalmomin yake yi, sai ka ji murya tana fita kamar daga cikin randa. To in ba ta ƙara maka fahimta ba, me ta ƙara maka? Ta ƙara maka waiwayen mutane ne kawai. Kowa ya tambayi zuciyarsa sunan aikin da ake yi don a waiwayo a kalla.

Yanzu bari mu ƙirga asarar, mu fara da ta mai motar kansa. A can cikin kunnen ɗan'adam akwai wani ɗan ƙashi mai siffar katantanwa, a cikinsa akwai wasu ƙwayoyin halitta masu gashi, kimanin 16,000 a kowane kunne. Su ke karɓar girgizar sauti su miƙa wa ƙwaƙwalwa. Ƙara mai tsanani tana kwantar da su, in ta yawaita ta kashe su, kuma wadda ta mutu ta mutu ke nan, ba ta sake tsirowa. Masana suna auna ƙarfin ƙara da wani ma'auni mai suna desibel. Hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka ta ce haddin da kunne zai jure a yini shi ne awa 8 a kan desibel 85, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu: 88 awa 4, 91 awa 2, 94 awa 1, har a kai 100 inda haddin minti 15 ne kacal. Motar da aka ɗaura wa amfilifaya tana wuce 100 cikin sauƙi, musamman da yake duk wanda ya ƙara bes sai ya ƙure sauran lasifikun don muryar ta biyo. Tafiya daga Dutsin-Ma zuwa Katsina ta kusan awa guda ce. Wanda ya yi ta a haka ya ninka haddinsa na yini sau huɗu kafin ya sauka, ga kuma dawowa tana jiransa.

Kurumtar ƙara ba ta sallama. Takan fara da wani shuuu da mutum zai riƙa ji in ya kashe mota, sai ya ɗauka gajiya ce. Bayan 'yan shekaru sai a ga yaro ɗan shekara 30 yana cewa "na'am?" sau uku kafin ya gane magana, yana zargin mutane da yin ƙus-ƙus. A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa matasa biliyan 1.1 suna cikin haɗarin rasa jinsu saboda sauraron ƙara fiye da kima. Wanda abin ya kama, ko ya je Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, iyakar abin da za a yi masa shi ne a maƙala masa na'urar ƙara ji, wadda ba ta mayar da abin da ya tafi. Kuma kunne kaɗai bai ishe ta ba. A shekarar 2004 wasu likitoci na Beljiyam da Ingila sun buga rahoto a mujallar likitanci ta Thorax a kan samari huɗu da huhunsu ya sace a lokacin da suke cikin ƙara mai tsanani, ɗaya daga cikinsu kuwa a motarsa abin ya same shi, motar da ya sa wa akwatin bes mai wat 1,000. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Sai asarar aljihu. Da fari dai, lambobin nan da ake rubutawa ɓaro-ɓaro a jikin kwali, wat 3,000 ko 5,000, sau da yawa romon baka ne na 'yan kasuwa, ƙarfin gaskiya ba ya kai ko kusa, ballantana a jabun kayan da ake liƙa wa sunan manyan kamfanoni. Amma a ce ka yi sa'a ka sami mai wat 1,000 na gaskiya. In ta buɗe wuta za ta nemi kusan amfiya 90 daga motar, alhali altanetar ƙaramar mota gaba ɗaya abin da take bayarwa bai wuce amfiya 70 zuwa 90 ba, kuma da shi ake kunna fitilu da fanka da famfon mai da sauran kayan wuta. Wannan shi ne sirrin abin da kake gani da dare, fitilun gaba suna lumshewa suna buɗewa daidai da bugun kiɗa. Motar ce ke kuka. Ƙarshenta batir ya mutu kafin lokacinsa, altaneta ta ƙone, da asuba a fito ana neman yaran unguwa su tura. In kuma mai wayarin ya yi aikin ganganci, ya ja siririyar waya ba tare da fiyus kusa da batir ba, ranar da wayar ta goge ta taɓa jikin mota sai gobara. Kada kuma a manta da mai. Kafin cire tallafi a ranar 29 ga Mayu, 2023, farashin lita a hukumance bai kai Naira 200 ba, zuwa ƙarshen 2024 ya haura Naira 1,000. Amma sai ka ga matashi ya faka a majalisa ya bar inji yana aiki awa guda don kada wufa ta cinye batir. But ɗin da ya kamata ya ɗauki safayar taya da buhun gero ko na taki zuwa gidan tsoho, an mallaka wa akwatin da ba ya ƙosar da kowa.

Sai hanya. Direba da ido biyu da kunne biyu yake tuƙi. Da kunne yake jin odar tirela da ke bayansa, da jiniyar motar asibiti, da ihun yaron da ya hango akuya ta faɗo titi, da ƙarar da taya ko ƙafar mota ke yi kafin ta ba da matsala. Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya a Dutsin-Ma a shekarar 2011, ga kuma Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, garin ya cika ya batse da ɗalibai da 'yan acaɓa da masu tafiya a ƙasa, ranar kasuwa kuwa ba a magana, ga amalanke ga shanu ga masu talla. Wanda ya toshe kunnensa da rugugi ya shiga wannan cunkoso, ya sani cewa da rabin hankalinsa yake tuƙi, kuma ran da yake wasa da shi ba nasa ba ne shi kaɗai.

Amma duk waɗannan ƙanana ne a kan abin da zan faɗa yanzu, wanda ya shafe mu mu mutanen wannan yanki fiye da kowa. Ya 'yan'uwa, mun manta ƙasar da muke ciki ne? Mun manta dararen da mutanen ƙauyukan Dutsin-Ma da Kurfi da Safana da Batsari da Ɗanmusa suka kwana a zaune, takalmi a ƙafa, goyo a baya, saboda 'yan bindigar da ke fitowa daga dajin Rugu? A watan Satumba na 2021 gwamnatin Jihar Katsina ta sa an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, Dutsin-Ma da Kurfi suna ciki. A waɗannan watanni, da babu wayar da za a kira a ce ga su nan tafe, mene ne maigadin talaka bayan Allah? Kunnensa. Da kunne ake rarrabe babur ɗaya da ayarin babura. Da kunne ake gane haushin kare na banza da na ganin baƙo. Da kunne ake sanin ta wace kusurwa harbi ya fito, don a san ta inda za a gudu da yara.

Mutanen da suka rayu a haka, kunnensu ba ya barci ko da idonsu ya rufe. A cikinmu akwai tsofaffin da suka baro ƙauyukansu suka raɓe a gidajen dangi, akwai matan da aka kashe mazajensu, akwai yaran da ko ƙyaure aka buga da ƙarfi sai sun zabura. To ka auna, ƙarfe goma sha ɗaya na dare, gari ya yi tsit, sai ga wani dum, dum daga nesa yana matsowa, ƙasa tana amsawa. Kafin tsohuwa mai hawan jini ta tantance cewa ɗan gidan wane ne ke dawowa daga hira, gabanta ya faɗi sau nawa? Wa zai biya ta wannan firgita? Ta ɗaya ɓangaren kuma, garin da ya saba da rugugi kowane dare zai koyi yin biris da shi, ranar da na gaske ya zo sai a ce ai yaran nan ne. Wallahi wanda ya ɓata wa gari shirunsa na dare ya taɓa tsaron garin, ko ya sani ko bai sani ba.

Abin da zai ƙara ba ka haushi shi ne in ka bi salsalar abin. A shekarar 1974 aka fito da wani fim a Amurka mai suna Earthquake, wato girgizar ƙasa, aka jera manyan wufofi a gidajen silima don 'yan kallo su ji kamar ƙasa ce ke tsagewa da gaske, har siminti ya riƙa zubowa daga rufin wani gidan silima a Los Anjalas. A shekarun 1980 samarin Amurka, musamman na birnin Mayami, suka mayar da abin cikin motoci, har aka kai ga shirya gasar wanda ya fi ƙara. To su da suka ƙirƙiro abin sun ji a jikinsu. Jihar Fulorida, inda Mayamin take, ta kafa doka a 2022 cewa duk motar da aka jiyo sautinta daga nisan ƙafa 25, ɗan sanda na da ikon cin tarar mai ita. Masu abu sun ɗaure shi da igiya, mu 'yan kwaikwayo mun sake shi a tsakiyar gari. Mu ma nan Nijeriya akwai dokar hana ƙara ta 2009 a ƙarƙashin hukumar kula da muhalli ta NESREA, sai dai wa ya taɓa ganin an aiwatar da ita a Karofi? Da ma mai tarbiyya ba ya jiran ɗan sanda kafin ya bar cutar da maƙwabcinsa.

Masu wannan ɗabi'a suna da hujjoji biyu da suke fakewa da su. Ta farko, "motata ce, kuɗina ne." Gaskiya ne, motarka ce, amma iskar layin ta wace ce? Kunnen jaririn da aka sha wahala kafin ya yi barci na wane ne? Mai gona yana da ikon ƙona yayin gonarsa, amma ranar da wutar ta tsallaka gonar maƙwabci ba wanda zai saurari "gonata ce." Ta biyu, "ai masu biki da 'yan siyasa sun fi mu ƙara, har da masu barin lasifikar masallaci a kunne." Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Mai kiɗan bikin da ke kai wa asuba yana cutarwa, motar kamfen da ke tsayawa a ƙofar asibiti tana cutarwa, wanda kuma ya saki lasifika tsakar dare a kan marasa lafiya bayan an gama abin da aka kunna ta dominsa, shi ma a gaya masa gaskiya cikin ladabi. Amma ɓarnar wani ba ta taɓa zama lasisin taka ba. Kuma da wane baki za ka yi wa mai biki nasiha alhali but ɗinka ya fi gangarsa amo?

Ba na musun cewa rediyon wasu tsofaffin motoci ba ya daɗin saurare. Mai son gyara yana da hanyar da ba ta taɓa kowa. Sau da yawa lasifikun ƙofa ne suka yage saboda zafi da ƙura, in aka sauya su da masu kyau daidai girmansu sai ka ji sauti ya dawo. A duba ko an juya wayoyin wata lasifika, don in ɗaya tana turawa ɗaya tana ja, kaurin sautin ɓacewa yake yi. A ɗaure marfin ƙofa da kyau a toshe inda yake kaɗawa. Wanda ya ga lallai sai ya ƙara, akwai 'yar ƙarama mai inci 8 da ake sawa a ƙarƙashin kujera, wadda ke cika cikin mota ba tare da ta tashi unguwa ba, da sharaɗin a yi amfani da waya mai kauri, a sa fiyus dab da batir, kuma kada a ƙure ta. Ga ma'auni mai sauƙi wanda ba ya bukatar na'ura: kunna rediyonka yadda ka saba, rufe ƙofofi da gilasai, ka yi taku goma. In kana jiyo shi, to ka shiga haƙƙin wani. In kuma sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai a mota ya ji ka, to ka shiga haƙƙin kunnenka.

Ina kira ga 'yan'uwa masu sana'ar wayarin mota a Dutsin-Ma da Kurfi da Katsina, ku ji tsoron Allah a cikin sana'arku, ku gaya wa yaro gaskiyar abin da altanetarsa za ta iya ɗauka, ko da cinikin zai ragu. Ina kira ga iyaye da yayye da masu unguwanni, kada ku ga yaro ya shigo da akwati ku kawar da kai don kunya, gobe ku ne za ku kai shi asibiti. Ku kuma 'yan majalisa, ku daina yi wa mai wufa kirari in ya faka, don tafinku shi ne man da ke tafiyar da ita. Ranar da ya iso da rugugi kowa ya ɗaure fuska, da kansa zai je a kwance masa.

Kai kuma ɗan'uwa mai akwati a but, ba ƙiyayya ta sa na yi maka wannan dogon zance ba. Ji amana ce da aka ba ka sau ɗaya, maƙwabci kuma yana da haƙƙin da ba ya faɗuwa don ka sayi mota.  Kafin ka tayar da mota daga harabar masallaci, buɗe but ɗinka ka dubi akwatin nan, ka tuna tsohuwar da ke bayan katangar gidanku. In ka cire shi ka sayar, kuɗin za su sayi takalmin birki, ko su rage maka kuɗin sabuwar taya, sauran ka kai wa mahaifiya cefane.

Allah Ya kiyaye mana jinmu da ganinmu, Ya zaunar da yankinmu lafiya, Ya sa mu zama masu amfanar maƙwabtanmu.